Lurwanu Wakili da 'Ya'yan Farin Jarwal

Ƙarar farko da Lurwanu ya shigar a rayuwarsa a kan riga ce, kuma ya sha ƙasa. Lokacin yana saurayi ɗan ga-ruwa a Jarwal, unguwar da mu takari muka cika a Makka. Dukiyarsa garwa biyu ce da sandar rataya, sai farar riga guda tak wadda ba ta ganin jikinsa sai ran Juma'a. Ya kai wata mai waina, Hajara, gaban Shehun Takari, wai hayaƙin murhunta ya mai da masa riga kamar gindin tukunya. Ya zo da shaidu uku. Ya jawo Larabcin kasuwa, ya haɗa da ɗan abin da kunnensa ya tsinta a gefen karatun malamai a Harami, ya yi ta zuba har Shehu ya fara gyangyaɗi. Hajara tana zaune tana ɓarar gyaɗa.

Da ya gaji aka ce ta yi magana, sai ta ce, "Allah ya gafarta Malam, tambaya ce da ni. Ɗakinsa yana can gindin dutse, igiyata tana nan ƙololuwa. Tsakanin can da nan igiya nawa ce? Me ya hana shi shanya a kansu?"

Lurwanu ya ce iskar sama ta fi busar da kaya.

"A Makka?" in ji ta. "Inda kafin ka gama matse riga ta bushe? Kuma wace irin riga ce ake wankewa sau huɗu a mako, ana sa ta sau ɗaya?"

Shaidunsa ne suka fara dariya. Shehu ya yanke hukunci: ko ya kwashe rigarsa, ko ya turo magabatansa. Ya turo.

Ubansa, Malam Dawuda, Bakatsine ne da ya taka ƙasa shekara tara kafin ya ga Ka'aba, yana noma nan, yana ɗinki can. A hanya aka haifi Lurwanu, a wata gonar auduga a Sudan, ya shigo Makka a goye. Bai gaji gona ba, bai gaji allo ba, baki kawai Allah ya ba shi, kuma a wancan zamani baki kaya ne mai tsada. Mutanenmu in aka kai su mahkama, wato gaban alƙali, Larabcinsu yakan gudu ya bar su tsaye. Sai a ce a kira ɗan ga-ruwan nan mai surutu. Tun yana ajiye garwa a ƙofa ya shiga ya fito ya ɗauka, har ya daina komawa kan garwar. Shehun Takari ya naɗa shi wakili: duk wanda ya cuci jama'a, Lurwanu ne zai tsaya ya tuhume shi da sunan kowa.

Kare mutum bai taɓa yi masa daɗi ba. In ka ba shi wanda zai kare, sai ka ga yana hamma. Amma nuna masa wanda za a tuhuma, ka ga ido ya buɗe, gemu yana rawa. Ya gurfanar da wanda ya yasar da tsofaffin alhazai a hanyar Mina ya gudu da raƙuma. Ya gurfanar da mai masaukin da ya kulle baƙi talatin a ɗaki ɗaya cikin zafin nan. Har surukinsa ya taɓa tuhuma a kan bango, Hajara ta yi wata guda tana dafa masa miya ba gishiri.

Babbar shari'arsa ta zo a shekarun babban yaƙi, lokacin da jiragen alhazai suka ɗauke, yunwa ta shigo gari. Akwai wani mai suna Tsoho, tafinta kuma dillalin masauki, mutum mai sanyin murya wanda ba a taɓa jin ya ɗaga harshe ba. Ya zo daga Jidda da 'yan mata biyu ƙanana waɗanda iyayensu suka mutu a hanya, ya ce 'ya'yansa ne. Bayan wata biyu aka daina ganinsu, sai labari ya fito cewa ya sayar da su a wani babban gida. Lurwanu ya yi wata huɗu yana bin maganar kamar mai bin sawun ɓarawo, ya san gidan su Tsoho, ya san danginsa, ya san inda yake shan shayi. A mahkama ya sa aka ɗaga mayafin yaran, ya nuna wa alƙali zanen Gobirawa a kumatunsu, ya nuna fuskar Tsoho sumul. Aka 'yanta yaran, aka ɗaure Tsoho shekara huɗu. Ana fita da shi ya tsaya kusa da Lurwanu, ya gaishe shi da ladabi, ya ce, "Sannu da aiki, Wakili. Kai ma ai kana da 'ya'ya." Lurwanu ya ba mutane labarin yana dariya. Hajara ba ta yi dariya ba.

Bayan rasuwar Shehu aka kafa majalisar dattawa bakwai, kowane yanki ya turo mutum ɗaya, suna zama da umda, mai unguwa ke nan, duk Alhamis bayan la'asar. Katsinawa suka taru a filin bayan masallaci suka ɗaga hannu, Lurwanu ya ci. Nan fa aka ga canji. Ya sayi alkyabba mai bakin zinariya, tumbi ya fito, tafiya ta yi nauyi. Mutumin da da in ka kawo masa kuka yake zabura, yanzu ya koyi cewa "za a duba". Amma a faɗi gaskiya, a zamaninsa aka ƙara famfo biyu a Jarwal, kuma shi ya hana a tashi matan da ke sayar da abinci a bakin hanya. Yana da 'ya'ya biyar. Na farin, Awwalu, ya zama direban babbar mota, ya yi aure a cikin gidan uban, har matarsa Mairama ta haihu.

Tsoho kuwa ya fito da carbi mai tsawo da tabon salla a goshi. Bai nemi kowa da faɗa ba. Ya samu aikin tafinta a ofishin da ake ba da takardun zama, kuma duk inda ya gamu da Lurwanu shi yake fara sallama.

Shekara biyu kafin a fara rushe gidajen gefen Harami don faɗaɗa shi, umarni ya sauko wa umda cewa a rubuta 'ya'yan takarin unguwar. Magidanta an riga an san su, suna cikin tsohon daftari. Yanzu waɗanda aka haifa a Makka ake so, gida gida. Wanda sunansa ya shiga, ya samu takarda. Wanda bai shiga ba, baƙo ne da ya maƙale bayan aikin hajji, sai Jidda, sai jirgin ruwa. Majalisa ta ce madalla, Lurwanu ma ya sa hatiminsa, don a ganinsa ba abin tsoro. Ranar da za a yi kawai ba a faɗa ba.

Aka yi ta a ƙarshen Zulƙida. Duk wanda ya san Jarwal ya san a kwanakin nan ba namiji mai ƙarfi a unguwa. Suna Arfa da Mina, masu kafa tantuna, masu jan ruwa, masu dakon itace, direbobi. Lurwanu da kansa yana Arfa yana rabon wuraren ga-ruwa. Mata kaɗai aka bari da tsofaffi. Sai ga katibi, wato magatakarda, wani saurayin Balarabe mai tabarau da daftari a hammata, Tsoho yana biye da shi riƙe da tawada.

Ku 'yan yanzu da kuke kiran ɗan fari da sunansa har ku ɗora shi a cinya gaban suruka, sai an yi muku bayani. A wurinmu uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari. Ba ta nuna shi, ba ta yabonsa, in baƙo ya tambaya nata ne sai ta kau da kai ta ce na wance ne. Kunya ce, kuma da ita ake gane 'yar mutunci. Mun ɗauko ta daga gida mun ratsa Sudan da ita, mun haye teku, ba ta jiƙe ba. Katibi bai san wannan ba. Wanda ke riƙe masa tawada ya sani.

Aka yi hajji aka gama, maza suka dawo, ba wanda ya lura da komai. Sai wata safiya mota ta tsaya a bakin kasuwar Jarwal da askarawa huɗu da takarda. Suka ɗauki Garba ɗan Wada mai gasa nama, yana tsaye a kan tukubarsa. Suka ɗauki mutum bakwai bayansa. Ba duka, ba zagi, suna kawai ake tambaya a duba daftari a ce hau. Uban Garba ya zo wurin Lurwanu, ya ce yaron a ɗakin nan aka yanke masa cibi, kowa shaida ne. Lurwanu ya ce kuskure ne, za a duba.

Bayan kwana shida motar ta dawo. Wannan karon har da mata biyu, ɗaya da ciki. Unguwa ta yi tsit. Aka daina zaman shayi a bakin titi. In an ji ƙarar mota daga nesa sai ka ga ƙofofin kwano suna rufuwa ɗaya bayan ɗaya har saman dutse. Lurwanu ya zauna a zaurensa da hantsi, ya jera sunayen waɗanda aka kwashe a ransa, yana neman abin da ya haɗa su. Ba gari ɗaya ba, ba sana'a ɗaya ba. Ƙannensu duk suna gida ba a taɓa su ba. Da ya kai nan sai ya gane: duk 'ya'yan fari ne. Ya tashi ya shiga cikin gida ba takalmi.

Hajara tana tankaɗe. Ya ce, "Ranar da katibi ya zo, 'ya'ya nawa kika ce muna da su?"

Ba ta ɗago ba. "Huɗu."

"Biyar ne, Hajara."

"Na san lissafi, Malam, ni na haife su."

"To?"

"To me? Baƙo a tsaye, maƙwabta sun leƙo ta katanga, in buɗe baki in ce me? Na faɗi sunaye daga Khadijatu, ta biyu, har zuwa auta. Tsoho ya nuna takalman da ke ƙofar ɗakin can ya ce na wane ne. Na ce na wani ne da ke kwana nan. Ya sake tambaya, ya ce ɗanki ne? Na ce a'a. Sau uku ya tambaya, har ya sa Balaraben ya rubuta." Hannunta ya tsaya a kan rariya. "Na ɗauka tsokana yake yi. Ai ya sani."

"Ya sani," in ji Lurwanu.

Ya buɗe baki zai fara irin zubar da ya saba, ta riga shi. "Kada ka tuhume ni, nan ba mahkama ba ce. Da kai aka tarar, me za ka ce? Shekara ashirin da biyu ina jin ka. Yana ƙarami 'wancan' kake ce masa, ya girma ya koma 'direba'. Ko ran suna liman ka raɗa wa a kunne."

Ya san gaskiya ta faɗa.

Da azahar Awwalu ya shigo cin abinci, hannu duk baƙin mai. Dogo ne, marar magana, Larabci ya fi zama a bakinsa fiye da Hausa. Uban ya ce masa, yana kallon bango, ya bar zuwa tasha kwana biyu. Awwalu ya ce mai mota ba zai yarda ba, kuma shi me ya yi? Da aka gaya masa sai ya dubi jaririyarsa a bayan Mairama, sannan ya ce, "Tayyib. Baba, Katsinan nan, in an sauka daga jirgi, kwana nawa ne? Wa zan ce ina nema?" Lurwanu ya lalubi sunan wani ɗan'uwa da ya rage a can, bai samu ko ɗaya ba.

Ya zaga gidajen 'yan majalisa. Kowa ya gane, kowa ya girgiza kai, ba wanda ya ce zai yi magana. Yunus, wakilin Barebari, ya fito masa fili. "Wakili, mu ma takardunmu a hannunsu suke. Ka ce daftarin hukuma ƙarya ne, gobe a ce a sake duba tsohon. Kai a ina aka haife ka?" A hanyar dawowa ya gamu da Tsoho a bakin famfo. Tsoho ya yi sallama, ya riƙe hannunsa da hannu biyu, ya tambayi lafiyar Hajiya, ya tambayi yara. Har ya wuce ya juyo. "Ina direba? Kwana biyu ban gan shi ba. A gaishe shi."

Ran Laraba da safe aka ɗauke Awwalu a ƙofar gidan mai motar, ya je mayar da makulli. Kafin azahar yana Jidda. Jirgi zai tashi Lahadi. Hajara ba ta yi kuka a gaban kowa ba, ba ta ma tambaya ba, kunyar ba ta ba ta wannan ma. Ta dai ɗora tukunya ta manta ba ta zuba ruwa ba, har gindin ya tsage.

Alhamis bayan la'asar majalisa ta zauna a zauren umda. Lurwanu ya matsa har aka gayyato mudir, shugaban ofishin takardu, wani farin dattijo mai gajeren haƙuri. Ya zo da daftarin, ya zo da tafintansa. Lurwanu ya miƙe ya ce ba ya bukatar tafinta, ya bar alkyabba a kan tabarma, ya yi magana kamar zamanin da yake da garwa a ƙofa. Ya bayyana al'adar. Ya ce mutum ashirin da bakwai aka kwashe, a duba, duk 'ya'yan fari ne, ko ɗaya ba na biyu. Ya ce har da nasa.

Mudir ya jawo daftari. "Naka? Me sunansa?"

Mutumin da ya taɓa sa Shehu barci da magana ya tsaya baki buɗe. Dattawa shida suna kallonsa, mutanen da ya girma da su, ga jama'a cike da ƙofa. Gumi ya bi gemunsa. Ya ce, "Direba ne, yana jan motar..."

"Sunansa na tambaya."

Tsoho yana jan carbi a hankali, ƙwaya ɗaya, ƙwaya ɗaya.

"Muhammadu Awwalu," in ji Lurwanu, da wata murya da ba tasa ba. "Ɗana ne. Na fari." Wani dattijo a bakin ƙofa ya sunkuyar da kai kamar an yi tsiraici.

Mudir ya bi shafi da yatsa, ya ce gidan Lurwanu 'ya'ya huɗu ne, kuma ga shi a rubuce uwar gidan ta ce mai kwana a ɗakin ba ɗanta ba ne. Ya juya ga tafintansa ya ce shi me ya sani game da wannan al'ada.

Tsoho ya yi murmushi irin na mai jin tausayi. Ya ce shi Bahaushe ne uwa da uba, a cikin mutanen nan ya tsufa, bai taɓa jin wannan ba. Ya ce Allah ya sa wa uwa son ɗa, ko dabba ba ta musun nata, balle musulma a tambaye ta sau uku. Ya ce abin da ke faruwa kowa ya sani, baƙi ne ke maƙalewa bayan hajji, a ba su ɗaki, in an kama su a ce 'ya'ya ne. "Wakili mutum ne mai baki, ya mudir. Ni na san bakinsa fiye da kowa. Amma ga dattawa nan, a tambaye su."

Mudir ya dube su. Yunus yana kallon yatsun ƙafarsa. Na Kanawa ya kama tari. Umda ya ce shi Larabawa ya sani, ba ya shiga al'adar da ba tasa ba. Mudir ya rufe daftari, ya sa hannu a gwiwa zai tashi.

Abin da Lurwanu ya faɗa a nan gajere ne, shi ne mafi gajarta a duk maganganun da ya yi a duniya. Shi ya sa aka sake buɗe daftarin ran Asabar, aka zaunar da unguwarzoma biyu kusa da katibi suna faɗin wanda suka yanke wa cibi. Mutum goma sha tara suka dawo daga Jidda a bayan mota, Awwalu a cikinsu. Takwas ɗin farko kuwa, su Garba ɗan Wada, wani jirgi ya riga ya tafi da su, kuma har uban Garba ya mutu yana zuwa tasha duk ranar da aka ce alhazan Afirka sun sauka. Lurwanu bai sake tsayawa majalisa ba da wa'adinsa ya cika. Ya ce hatiminsa yana kan takardar da ta tafi da su.

Ga yadda aka yi a zauren ran Alhamis ɗin. Tun wata huɗun da ya yi yana bin sawun Tsoho ya san yana da uwa, Rumasa'u, mai sayar da daddawa a unguwar Misfala, kuma ya san ko shi na nawa ne a wurinta. Tana nan da ranta, ta haura tamanin. Ya bari sai da mudir ya miƙe tsaye, sannan ya yi magana, bai ko dubi Tsoho ba. Carbin ya tsaya tun kafin ya kai ƙarshe, kuma ba a ƙara jin muryar tafinta a zauren ba.

"Ya mudir, uwar wannan tana Misfala, kuma shi ne ɗanta na fari. A aika mota a ɗauko ta yanzu, ka tambaye ta da wani tafintan, sau uku, a gaban mutanen nan. In ta ce ɗanta ne ta kira sunansa, ni da kaina zan raka nawa har cikin jirgi. In ta ce ba ta san shi ba, a rage masa wuri a motar gobe."